Daga Sayar da Itace Zuwa Sassaƙa Shi: Karatun Digiri na Biyu a Fannin Sassaƙa

 Akwai tambayar da takan shigo zaurukanmu a Adjamé da Treichville wadda kakanninmu ba su taɓa cin karo da ita ba. Yaro ya ci jarrabawar BAC, ya sami shiga makarantar fasaha da ke Cocody, ya ƙare shekara uku, sa'an nan ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce: "Baba, ina neman izinin ƙarin shekara biyu, kuma sassaƙa nake so in zurfafa a kai." Uba ya yi shiru. Abu biyu ne suka tsaya masa a maƙogwaro: na farko, shin wannan ba ƙera gumaka ba ne? Na biyu, idan ma ba shi ba ne, da me yaron zai ciyar da iyali? Duka biyun tambayoyi ne na mai hankali, kuma bai kamata a amsa su da tsawa ko da dariya ba.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne, cikin al'ummun Abijan kaɗan ne suka san sassaƙar ƙasar nan kamar yadda Hausawa suka san ta. Shekara da shekaru 'yan kasuwarmu, tare da Wolofawa da Julawa, su ne ke riƙe da fataucin kayan sassaƙa: su shiga ƙauyukan Baule da Guro da Dan da Senufo, su sayo fuskokin dodanni da mutum-mutumi da kujeru da ƙofofi, su tara a ɗakunan ajiya na Treichville, daga nan kaya su wuce kasuwar Plateau, ko Paris, ko New York. Wani masani ɗan Amurka, Christopher Steiner, ya zauna cikin waɗannan fatake a ƙarshen shekarun 1980, ya kuma fitar da littafi a kansu a 1994. A farkon shekarun 1990 an yi wani fim mai suna In and Out of Africa wanda ya bi sawun wani Bahaushe ɗan Nijar mai wannan sana'a tun daga Kwaddibuwa har Amurka. Dattawan da suka yi wannan fatauci suna iya duban ƙwayar itace su gaya maka yankin da aka saro shi, su shinshina su gane ko tsufan gaske ne ko hayaƙi da goro aka sa aka tsufantar da shi. Amma a bakinsu kayan ba su da wani suna sai "itace". Da wannan kalma suka raba kansu da abin da ke jikin itacen: haja ce, ba abin bauta ba, ba kuma aikin hannunsu ba. To, yanzu ga jikansu ya ce shi ba sayarwa zai yi ba, gizago zai ɗauka.

Makarantar da tarihinta

Koyar da sassaƙa a aji ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun shekarun 1930 wani Bafaranshe, Charles Combes, ya buɗe wurin koyarwa a Bingerville, kuma manyan kawunan da aka sassaƙa a can suna gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa. Bayan samun 'yancin kai a 1960 aka kafa makarantar fasaha ta ƙasa a Abijan, wadda daga baya, a 1991, ta shiga ƙarƙashin babbar cibiyar da kowa ya sani da INSAAC, a Cocody. Da jarrabawar gasa ake shiga. Tsarin karatun shi ne wanda manyan makarantun ƙasar ke bi: shekara uku na Lisans, shekara biyu na Mastar. Wanda kuma hankalinsa ya fi karkata ga bincike da rubutu, akwai sashen fasaha a Jami'ar Félix Houphouët-Boigny, inda hanya take kaiwa har digirin dakta.

Sunan da ba a tsallakewa a tarihin wannan makaranta shi ne Christian Lattier, haifaffen Grand-Lahou a 1925. Ya tafi Faransa yana yaro, ya yi karatun fasaha a Saint-Étienne da Paris, ya dawo gida a farkon shekarun 1960 ya koyar. Ya koyi sarar dutse da itace kamar kowa, amma ya ajiye su, ya koma ga waya da igiya: ya lanƙwasa waya ta zama ƙashin aikin, ya bi ta da igiya yana naɗewa da hannu har siffa ta fito. A 1966, a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar, shi ya karɓi babbar kyauta. Ya rasu a 1978. Abin lura ga mai karatu shi ne, tun daga malamin farko an riga an nuna cewa sassaƙar makaranta ba ta tsaya ga kwaikwayon abin da ake sarewa a ƙauye ba. A shekarun 1970 da 1980 ma ɗaliban makarantar suka fito da salon da aka kira Vohou-Vohou, inda suka riƙa aiki da abin da ke ƙasa: ɓawon itace, yashi, tsumma, wuri, jar ƙasa, saboda kayan aikin da ake shigowa da su daga Turai sun fi ƙarfin aljihunsu.

Me ake yi a shekara biyun nan?

Mutane da yawa suna zaton digiri na biyu ƙarin koyon sara ne kawai. Ba haka ba ne. Hannu a Lisans ake horar da shi: zane, murza yumɓu, ɗaukar zubi da filasta, sarar itace da dutse, walda, da narkar da tagulla ta hanyar kakin zuma, wadda maƙeran Baule suka daɗe da ƙwarewa a kanta. A wannan hanya, da kaki ake fara gina siffar, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sa'an nan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Idan ta huce a fasa yumɓun. Zubi ɗaya, aiki ɗaya, ba maimaitawa.

A Mastar kuwa, ana so ɗalibi ya zo da tambaya tasa ta kansa. Zai zaɓi jigo, a ba shi malami mai duba shi, ya yi ta gwaji a ɗakin aiki, ya karanta abin da magabata suka yi a kan jigon, ya rubuta kundi, daga ƙarshe ya baje ayyukansa gaban kwamitin malamai ya kare su da baki. Wanda bai iya rubutu da Faransanci mai kyau ba zai sha wuya ko da hannunsa na zinariya ne, kuma wannan gargaɗi ne ga yaranmu da suke ganin fasaha mafaka ce ga wanda ya gaji da littafi.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga batun addini, domin yana nuna inda ƙaya take. A makarantun fasaha kusan ko'ina, shekarun farko ne ake sa ɗalibi nazarin jikin ɗan Adam, ya zana shi, ya gina kai ko gangar jiki da yumɓu. Wato abin da uba yake tsoro ya fi yawa a matakin da yaron ya riga ya wuce. Mastar shi ne matakin da ɗalibi yake da bakin cewa ga abin da zan yi, ga wanda ba zan yi ba. Uban da ya bari aka yi shekara ukun farko bai ce uffan ba, sa'an nan ya hana biyun ƙarshe, ya rufe ƙofa ne daidai lokacin da ɗansa ya sami ikon zaɓen hanya.

Abin da malamai suka faɗa

Ba wurin fatawa ba ne nan, kuma marubucin ba mufti ba ne. Amma bai dace a yi wannan magana a ɓoye abin da ke cikin littattafai ba. Hadisai ingantattu a Buhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu ƙera surar abu mai rai. A cikinsu akwai labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da yin sura yake cin abinci. Bayan ya tsoratar da shi, sai ya nuna masa mafita, cewa idan ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Malamanmu na Malikiyya, a sharhohin Muhtasar na Shehu Halil, a babin walima, sun tsara abin dalla-dalla: wanda aka haramta shi ne surar mutum ko dabba mai jiki, wadda take da inuwa, kuma gaɓoɓinta cikakku. Wadda aka zana a shimfiɗe, ko wadda ta rasa gaɓar da mai rai ba ya rayuwa sai da ita, hukuncinta ya sauka daga haramci. An kuma keɓe 'yar tsanar yara mata, saboda hadisin Nana A'isha. Wasu mazhabobin sun fi haka tsanantawa, har zanen da ke shimfiɗe suka haɗa.

A zamanin nan an sami masu sassautawa. Shehu Muhammad Abduh na Masar, a farkon ƙarni na 20, ya yi ganin cewa dalilin hanin shi ne tsoron bauta, kuma sura tana da amfani wajen adana tarihi da ilimi. A Alƙahira aka buɗe makarantar fasaha a 1908, ɗalibinta Mahmud Mukhtar ya sassaƙa babban aikin nan na farkawar Masar da aka ƙaddamar a 1928. Duk da haka, a 2006 muftin Masar na lokacin, Shehu Ali Juma'a, ya ba da fatawar hana ajiye mutum-mutumi a gida, aka yi ta muhawara. Gaskiyar magana ita ce, mafi yawan malamai, na da da na yanzu, ba su halatta cikakken mutum-mutumin mai rai ba, kuma duk wanda ya gaya wa yaro cewa babu komai a ciki bai yi masa adalci ba.

Sai dai wanda ya ce sassaƙa duka gunki ce, shi ma bai yi adalci ba. Harshenmu ne yake ruɗa mu a nan, domin da an ce sassaƙa a makarantar boko sai zuciya ta tafi ga gunki, alhali masassaƙi a ƙasar Hausa shi ne mai yin turmi da taɓarya da akushi da kujera da sirdi, har da allon da muka yi karatu a kansa. Maginan da suka ƙawata fuskar gidajen Zariya da Kano da Damagaram da dagi da sauran zane mai tudu, aikin siffa suke yi da ƙasa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ginshiƙansa da bakan gizonsa har yau masana gini na zuwa kallo. Falke Barmu, maginin masallacin Yama a yankin Tawa, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A birnin Jidda ma, a shekarun 1970 da 1980, magajin gari Muhammad Sa'id Farisi ya cika tituna da bakin teku da manyan ayyukan sassaƙa, akasarinsu ba surar mai rai ba: siffofi, haruffa, jiragen ruwa, fitilu.

Fasahar zamani kuwa ta buɗe wannan fili fiye da kowane lokaci. El Anatsui, ɗan Gana da ya yi karatu a Kumasi ya kuma koyar a Nsukka tun 1975, da murafun kwalabe da wayar tagulla yake saƙa manyan ayyukan da suka kai shi ga kyautar Zakin Zinariya a Venis a 2015. Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale, ya gama digirinsa na biyu a zane da sassaƙa a jami'ar Kumasi a 2013. Bayan shekara biyu ya lulluɓe dogayen bangaye a baje-kolin Venis da tsofaffin buhunan koko da gawayi, irin waɗanda 'yan dakonmu ke sauke wa kullum a Adjamé. Abin da ya samu ya koma da shi gida, ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019. Ko ɗaya daga cikin ayyukan nan babu ido ko hanci a jikinsa.

Shawarata ga iyaye ita ce a zauna mutum uku: uba, ɗa, da malamin da gidan ya amince da shi. Yaron ya kawo jigon da yake so ya yi a rubuce, da hotunan ayyukansa, a duba abin da ke gaba, ba sunan fannin ba.

To, abinci fa?

Nan ne ya kamata a rage zaƙin baki. Waɗanda suke rayuwa da sayar da ayyukansu kaɗai 'yan ƙalilan ne, a Abijan ko a Paris. Jems Koko Bi, wanda aka haifa a 1966, ya yi karatu a INSAAC, ya sami tallafin karatu na Jamus a 1997 ya tafi makarantar fasaha ta Düsseldorf, ya yi aiki a ƙarƙashin Klaus Rinke. Yana cikin waɗanda suka wakilci Kwaddibuwa a Venis a 2013, kuma a 2019 ya shirya baje-kolin fasaha a cikin dajin Banco, nan kusa da mu. Siriki Ky, wanda ya yi karatu a Abijan, shi ya assasa taron masu sarar dutse na Laongo a Burkina Faso a 1989. Ana ambaton waɗannan ne domin sun fita daban. Akasarin abokan karatunsu aji suka koma suna koyarwa. Koyarwar kuwa ba abin rainawa ba ce: ana koyar da zane a makarantun sakandaren ƙasar, INSAAC tana da cibiyar horar da malaman wannan fanni, kuma albashi ne mai zuwa duk wata. Sai dai aikin gwamnati na ɗan ƙasa ne, don haka yaron da takardunsa na Nijar ko Najeriya ne ya san wannan tun kafin ya fara lissafi.

Wuraren baje koli sun ƙaru: gidauniyar Donwahi tun 2008, zauren Cécile Fakhoury tun 2012, gidan tarihin fasahar zamani na Abobo tun 2020, ga Fadar Al'adu a Treichville. Amma ni a ganina, ƙofar da ta fi dacewa da yaranmu ba ta nan ba ce. Ta wajen gyara da adanawa take, da kuma ƙawata gini.

A duba masallacin Muhammad na Shida da aka buɗe a Treichville a watan Afrilun 2024, wanda aka gina bisa tsarin Maroko, da sassaƙar filasta da ta katako da jeren tayil. Irin wannan ado ba ya dawwama da kansa a gari mai damshi da iskar teku kamar namu; wata rana zai nemi hannun da ya san yadda aka yi shi. A duba masallatai takwas na ƙasa da ke arewa, irin su na Kong da Tengréla da Samatiguila, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2021. A duba kuma gangar nan mai magana, Djidji Ayôkwé, ta mutanen Atchan, wadda Faransawa suka ƙwace a Adjamé a 1916: tsawonta ya haura mita 3, nauyinta kilo 430, kuma a 2025 majalisar dokokin Faransa ta amince da dokar mayar da ita. Duk kayan da za a dawo da su daga Turai suna bukatar wanda ya san halin itace, ya san gara da ƙwaro da laima, ya kuma iya rubuta rahoto. Gidan tarihin ƙasa da ke Plateau, wanda aka wawashe a rikicin 2011, shi ma irin waɗannan ma'aikata yake bukata. Jikan mai ɗakin ajiya a Treichville, wanda ya tashi yana jin dattawa suna bambance tsohon itace da sabo, ya riga abokan karatunsa da ilimin da ba a koyarwa a aji. Idan ya haɗa shi da takardar Mastar, ba sai ya sassaƙa fuskar kowa ba.

Akwai kuma ɗawainiyar da ba a faɗa wa iyaye. Kuɗin rajista ba shi ne babban nauyi ba. Kayan aiki ne. Itace ya yi tsada, domin dajin ƙasar ya ragu ƙwarai: ƙidayar 2021 ta nuna abin da ya saura bai kai hekta miliyan 3 ba. Tagulla da iskar walda da hayar motar ɗaukar aiki mai nauyi duk daga aljihun ɗalibi suke fita, shi ya sa da yawa suke komawa ga tsofaffin ƙarafan da ake samu wajen masu gwangwan. Sana'ar tana kuma taɓa lafiya: ƙurar dutse tana lalata huhu a hankali, ƙurar iroko tana tayar da asma, hasken walda yana cin ido. Uwar da za ta yi wa ɗanta ko 'yarta sayayyar shiga wannan karatu, ta fara da abin rufe hanci na ƙwarai da tabarau, kafin ta kai ga gizago. Na ce 'yarta da gangan, domin mata suna wannan makaranta, har Mathilde Moreau, wadda ta fito daga zuriyar Vohou-Vohou, ta taɓa shugabantar ta.

Ga wanda ya iya Ingilishi

Iyalan da suke da tushe a Najeriya suna da wata hanyar. Sashen fasaha na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya girmi jami'ar kanta: ya koma Zariya a 1955 a ƙarƙashin tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya, a can ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, jami'ar kuma ta zo a 1962. Ana yin digiri na biyu a sassaƙa a can, har da na dakta. Ga ɗalibin da jigonsa ya shafi zanen gidajen Hausa ko ginin ƙasa, Zariya ta fi Cocody, domin abin da zai nazarta yana cikin ganuwa, tafiyar mota kaɗan daga Samaru, kuma da Hausa zai yi hira da maginan. Kumasi ma tana nan, ta fi kusa. Abin da ke gaban mai wannan niyya shi ne a fassara masa takardun Lisans zuwa Ingilishi, a tantance su, ya kuma haɗa kundin hotunan ayyukansa, domin malaman sashen za su so ganin abin da hannunsa ya yi kafin su ba shi gurbi. Fassara da tantancewa sukan ɗauki watanni, don haka tun yana shekara ta uku ya kamata ya fara.